Saƙon da Ikram Ta Riƙe

Ranar da Maharazu ya dawo, Ikram ta kasa fita ta tarye shi. Tana tsaye a ƙofar ɗakinta da Sadiƙ a kafaɗa, tana jiyo mazan unguwa a soro suna yi masa sannu da zuwa da ta'aziyya a baki ɗaya. Wata shida ke nan rabonta da mijinta. Dubai ya tafi saro turaren da yake sayarwa a Kasuwar Kurmi, da niyyar kwana goma, sai cutar korona ta sa aka dakatar da jiragen ƙasashen waje, ya maƙale a can. Ko yanzun ma a Abuja ya sauka, ya biyo mota.

Da ya shigo tsakar gida bai dubi sashensu ba. Ɗakin mahaifiyarsa ya nufa, ya ɗaga labule ya daɗe yana kallon katifar da aka naɗe aka jingine da bango. Sannan ya juyo.

"Ikram... kin rame."

"Sannu da hanya, Abban Sadiƙ. Ya ƙarin haƙurinmu?"

Ya miƙa hannu zai karɓi yaron, yaron ya ƙanƙame wuyan uwarsa ya sa kuka. Maharazu ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce ai da gaskiyarsa, ina ya san shi? Ya zauna a bakin gado ya shiga yi mata godiya. Ya ce baffansa ya faɗa masa komai, yadda ta yi jinyar Hajiya tana ɗanyen jego, yadda take dama mata kunu ta ba ta da cokali, yadda ta rufe mata ido da hannunta. Ya ce ta yi masa abin da shi ɗan cikinta bai samu yi ba.

Kowace kalma sai ta ji kamar ana zuba mata garwashi a ƙirji. Ta miƙe ta ce bari ta kawo abinci.

Hajiya 'Yardada mace ce irin ta da, 'yar cikin Dala, mai tsananin alkunya. Maharazu ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "wancan" ko "yaron nan". Ba ta hira da shi, balle ta karɓi waya su yi magana. In ya bugo sai ta kau da kai ta ce a ce masa ta amsa. Duk wani saƙo tsakanin uwa da ɗa ta bakin Ikram yake bi, kuma Hajiya ta yarda da bakin nan. Ita ce ma ta tsaya mata a wankan jego, tunda Ikram marainiya ce. Da kanta take hura wuta, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, tana yi tana tsokanarta da cewa 'yan boko ba su da juriya.

Wata Laraba da safe, lokacin Maharazu yana Dubai, Hajiya ta kasa tashi. Zazzaɓi ya taso da ciwon sugarta. Ta riƙo hannun Ikram, idonta na kallon bango, ta ce, "Ki gaya wa wancan ya taho gida. Ina son ganinsa."

Da azahar Maharazu ya bugo. Ya ce ana raɗe-raɗin rufe filayen jirgi, akwai kujera ranar Juma'a, sai dai kayansa ba za su haɗu ba sai Litinin. Ya tambayi jikin Hajiya.

Ikram ta dubi Sadiƙ. Bakwaini ne, ya yi sati biyu a kwalba a asibiti, likita ya ja mata kunne a kan ƙirjinsa, ko mura kada a bari ta kama shi. Ta tuna bidiyon da ake ta turowa a waya, da labarin cewa matafiya ne suke shigo da cutar. Ta hango mijinta ya fito daga cunkoson jirgi ya rungumi wannan ɗan abin da bai fi tafin hannu biyu ba.

Ta ce masa jiki da sauƙi sosai, ya gama abin da yake yi, kada ya yi gaggawa.

Kafin Litinin aka rufe. Hajiya ta rasu ana saura kwana uku azumi, garin yana kulle, mutum goma sha ɗaya suka yi mata salla. A waya ya ji.

Yanzu ga shi a gabanta yana cin tuwo kamar magani, yana kiranta sanyin idonsa. Ta yi niyyar ta bari ya huta, ko sati guda ne, kafin ta faɗa masa. Babu wanda ya sani sai ita da Allah. Amma da ya dawo daga sallar la'asar ya ce abin da yake ɗan sanyaya masa rai shi ne Hajiya ba ta neme shi ba, dama can ba mai nemansa ba ce, sai Ikram ta matso gabansa. Ta durƙusa.

"Ta neme ka, Abban Sadiƙ."

Ya dube ta bai gane ba.

"Ranar da ka bugo kana maganar kujerar Juma'a, da safen nan ta ce in ce ka taho. Na ɓoye. Tsoro na ji saboda yaron nan... Kuma daga baya ta tambaye ni ko na faɗa maka. Na ce mata na faɗa."

Da ya yi magana, a hankali ya yi.

"Ke nan ta tafi tana ganin na ji kiranta na ƙi zuwa."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Ta zauna a ƙasa tana shayar da Sadiƙ, hawaye na ɗiga a kan yaron. Ta san in ya dawo da takardar saki a hannu ba ta da bakin cewa ya zalunce ta. Abin da ya fi cin ranta shi ne, ko yanzu ta dubi Sadiƙ yana numfashi lafiya, ta kasa rantsewa cewa da za a mayar da ranar za ta yi daban.

Ana gab da kiran magariba ya dawo, ƙasar maƙabarta a gwiwar wandonsa, idanunsa jajur. Bai zauna a gado ba, kusa da ita ya zube.

Ya ce ya je ya faɗa wa Hajiya gaskiya, ko tana ji ko ba ta ji. Ya ce a can ya tuna wani abu. Ranar nan ya ji rawar muryar Ikram, ya san sauƙin nan ba sauƙi ba ne. Shekara nawa yana jin mutane suna cewa da sauƙi a kan wanda yake gargara? Da ya sake tambaya sau ɗaya da ta faɗa. Bai sake ba, saboda yana son jiran kayansa.

"Ke ɗa kika tsare. Ni fa, me na tsare? Kwalaben turare."

"Ka yafe min, don Allah."

"Zan yafe, Ikram. Ban iya yau ba, kada in yi miki ƙarya. Amma babu inda za ki je."

Ta sunkuyar da kai tana kuka marar sauti. Ya sa yatsa a tafin hannun Sadiƙ, yaron ya kalle shi ya kalle shi, bai janye ba.

"Faɗa min yadda ta faɗa," in ji Maharazu. "Kada ki rage komai."

Ta share ido ta maimaita masa. Ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Can ya ce ta sake faɗa.

Ta sake.