Turakun Tsakiyar Kogi

Da la'asar sakaliya Gajere mai fito ya ɗauki gorar tuƙi, ya ce wa matarsa zai duba koma.

"Wace komar, maigida? Wadda ɓera ya cinye bara?"

Ga abin da ya fitar da shi: kogin nan shi ne iyakar yankinsu da na ƙetare, iyakar kuwa tana bin inda ruwa ya fi zurfi, inda jirgi ke wucewa bai taɓa ƙasa ba. Duk rani dattawan gaɓa biyu kan kafa turaku su nuna hanyar. Bana turakun sun bar tsibirin da Gajere ke shuka albasa a hannun mutanen ƙetare. Shi kuwa gogan ya lura turke ba shi da bakin kai ƙara.

Ya shiga kwalekwalensa, ya tuge su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da su bayan tsibirin, inda ruwa bai kai gwiwa ba.

Yana dasa na ƙarshe, kwaɗi suka yi tsit. Warin tsohuwar laka ya taso, irin na gindin rijiya.

Sai ƙarar katako a kan yashi. Ƙurrr.

Wani baƙin jirgi ne ya biyo sababbin turakun, ya kafe. Ba fitila. Cike yake da fasinjoji a zaune, duk sun ba Gajere baya. Ba mai numfashi.

"Mai fito," in ji wata murya ƙasa-ƙasa daga ƙarƙashin jirgin. "Wa ya sauya mana hanya?"

"Ru... ruwa ne, ranka ya daɗe."

"To, zo ka tura."

Ya sa kafaɗa. Katakon sanyi ƙalau, kamar jikin gawa. Yashi ya fara zamewa ƙarƙashin ƙafarsa.

Ruwa ya kai ƙugu.

Ya kai ƙirji.

Jirgin bai motsa ba. Kogin ne ke haƙa.

Wani hannu ya riƙe idon sawunsa, a hankali.

Ya fizge, ya bar kwalekwale da gora, ya iso gaɓa da iyo da rarrafe yana aman laka.

Kafin damina, kogin ya koma bin turakun Gajere, da zurfin da ba gorar da ke kai ƙasansa. Dattawa suka auna, suka ce tsibiri nasa ne.

Har yau bai taka shi ba. Ko kududdufin ƙofar gida ya tsoma ƙafa, sai ya ji yatsun nan suna lalube. Daga gaɓa yake hangen albasarsa tana fure, tana ruɓewa.