Kwanar Rami na Bakwai

Ranar da Galih ya fara ganin Ratih, tana janye da jakar sandunan wani baƙo a filin golf da ke wajen Bogor, shi kuma yana tsugune da zanen sabbin ramukan da aka ba shi aikinsu.

Ta leƙo ta kafaɗarsa, ta kira shi Mas, wato yaya. "Mas, na bakwan nan ka miƙe shi kamar titin jirgi. Ko makaho ya buga sai ya isa."

Ya ɗago kai ya dube ta.

Kafin wata biyu, kullum sai ya turo mata saƙo: "Tauraruwata, kin ci abinci?"

Darto mai tuƙa buldoza ya daɗe yana son Ratih. Shi ya kai wa mahaifinta, Pak Suwito, hoton zanen. Layin ramin ya ratsa ta maƙabartar da ke bayan gorori, inda mahaifiyarta take kwance.

"Wanda zai tone uwarki ba zai zauna a tabarmata ba," in ji tsohon.

Tana kuka ta rubuta wa Galih: "Ashe ta kan Ibu, mahaifiyata, ka ja layinka? Kada ka sake nemana."

Ya mayar mata, yana kiranta Dik, wato ƙanwa: "Dik, tsohon zane ne, ban san da kaburbura ba sai daga baya. Ki zo da Bapak, mahaifinki, gobe da safe."

Suka zo, kowa fuska a ɗaure. Turaku masu jan ƙyalle sun miƙe, amma tun kafin gororin suka karya hagu, suka zagaye wani tafki.

"Sati uku ina fama da masu filin," Galih ya ce. "Na nuna musu rami mai kwana shi ke sa ɗan wasa tunani: ko ya yi kasada ta saman ruwa, ko ya lallaɓa da bugu biyu. Jiya suka sa hannu."

"In ƙwallo ta kauce fa?" in ji tsohon.

"Ruwa za ta faɗa, Pak. Ba za ta kai wurin Ibu ba."

Tsohon ya bi turakun ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ya dawo yana share ido. Ratih ta sauke ajiyar zuciya.

"Ka turo manyanka," ya ce wa Galih.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Pak Suwito ya riƙe hannun ango ya ƙi saki.

"Ka mutunta wadda ba ka taɓa gani ba. Allah Ya yi muku albarka, ɗana."