Hannun Mai Aski

Ranar da mai aski ya fara ganinta, hannunsa na dama na rataye a wuya cikin filasta, yana zaune a ofishin lauyoyi gaban wata fanka da ke juyawa kamar an yi mata dole. Sati uku ke nan da motar wani kamfanin kai kaya ta kwashe shi a wurin tsallaka titi, ta karya masa wuyan hannu. Likita ya ce sai an yi aiki na biyu kafin yatsun su sake riƙe almakashi. Kamfanin kuwa takarda ya turo, wai mai aski ya sa hannu ya amince a rufe magana.

Yayarsa ce ta jawo shi wurin. Ya zaci tsoho mai furfura zai gani, sai ga budurwa ta shigo da fayil a hammata.

"Ka sa hannu a takardar tasu?"

"Wane hannun, Barista?"

Ta danne dariya, ta miƙa masa wani ƙaramin littafi. "Kullum ka rubuta abin da hannun ya kasa yi, ko da hagu ne. Duk Litinin zan karanta. Da shi za mu tsaya gaban alƙali."

Matsalar ita ce ita za ta karanta. Wane saurayi ne zai rubuta wa yarinyar da ta tafi da hankalinsa cewa yayarsa ke ɓalla masa maɓallin riga? Sai gogan naka ya riƙa rubuta, "Yau da sauƙi sosai." Ta tambaye shi sau biyu ko gaskiya ne, ya rantse.

Saƙo ma ya fara ƙetare maganar shari'a.

"Lauyata, kin ci abinci kuwa?"

"Mai aski, dokar aikinmu ta hana ni wannan hirar har a gama shari'a. Ka sha magani?"

"In an gama fa?"

"In an gama ka sake tambaya."

Ya karanta wannan saƙon ya fi sau ashirin.

Mahaifinta, tsohon magatakardan kotu, ya ga yadda take murmushi ga waya, ya bincika ya gano. "Ba da yawuna ba," ya ce. "Gobe a ce kin shirya masa ciwon ƙarya don kina sonsa. Ga ɗan ajinku nan yana ta zarya." Ɗan ajin nasu kuwa shi ne lauyan kamfanin.

Ranar zaman farko, ta iso matakalar kotu da kwali cike da fayil. An riga an cire wa mai aski filastar, kuma ga lauyan kamfanin yana nufo ta da fara'a. Mai aski ya yi wuf ya sunkuci kwalin da hannun dama, ya haura da shi har sama yana cije leɓe. Bai lura da mutumin kamfanin da ke ɗaukarsa hoto ba.

Bayan sati biyu ta ajiye hoton a gabansa, ta ɗora littafin a kai.

"Za su ce ka warke. Ga hoto, ga rubutunka. Ka san kuɗin aikin da za a yi wa hannunka ka jefar?"

Ya tsura wa hoton ido.

"Da kai nake magana."

"Ko cokali ba na iya riƙewa," ya ce a hankali. "Ba na so ki san haka ne."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, tausayinsa kuma ya kama ta. "Ni da na ga hoton ƙashinka a karye, me ya rage ka ɓoye min? Ranar Talata za ka faɗi gaskiya a gaban kowa. In ba za ka iya ba, nemi wani lauyan."

Ranar Talata kotu ta cika, har da mahaifinta a kujerar baya, ya zo ya ga ƙarshen abin. Ta miƙa wa mai aski almakashi da takarda, ta ce ya yanka. Mutumin da ya shekara goma yana aski ya kasa buɗe bakin almakashin, yatsun suka yi rawa, almakashin ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

"To me ya sa ka rubuta cewa da sauƙi?" in ji alƙali.

"Ranka ya daɗe, mai karantawar nake jin kunya."

Dariya ta tashi, Barista ta sunkuyar da kai cikin fayil. Alƙali ya tura shi wurin likitan da kotu ta zaɓa, likita ya tabbatar da raunin, aka ɗora wa kamfanin nauyin aikin da jinya.

Tun a bakin kotu ya tura saƙo. "An gama. Ina sake tambaya."

"Na amsa, jarumin kwali. Saura Baba."

Baba bai ce uffan ba har wata biyar. Ranar da mai aski ya koma shago, sai ga dattijon ya shigo, ya zauna a kujera, ya ɗaga haɓa.

"Gyaran gemu. Da aska, ba da inji ba."

Mai aski ya ɗauko aska. Ya shafa kumfa, ya yi bisimilla, ya bi wuyan dattijon da aska a hankali har ya gama. Baba ya shafa haɓa, ya daɗe yana kallon madubi.

"Hannun bai yi rawa ba. Na ji ka faɗi abin kunyarka a gaban alƙali, ba kowa ke iyawa ba. Ka turo manyanka."

Wata biyu bayan nan aka ɗaura aure. Yayarsa ta yi kuka har ta gode wa Allah. Baba ya haɗa hannuwansu cikin nasa ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Kai kuma ɗana, in abu na ciwo, ka gaya wa matarka."