Ƙwayar da Ta Faɗi Ƙasa

Ƙwan fitila na fita saye. Na ɗakin bayan shagona ya ƙone, ga shi ranar wasa ce, abokai suna hanya. Rana ta faɗi, amma duhu bai gama sauka ba.

Wasan namu na zaman tebur ne. Ni ke jan labari, 'yan wasa uku kuma kowa da jaruminsa: Tela, da Direba, da ƙanena Auta. In na ce ga rami, ga ambaliya, ga gobara, sai mutum ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, ya jefa ƙwayar lido. Ran jarumi tarin murafun kwalba ne a gaban mai shi. Ka ji ciwo, a ɗebe. Ka huta, a mayar maka. Suka ƙare, ka mutu. Ba a musa wa mai jan labari. Ƙwayar da ta faɗi ƙasa kuma ba jifa ba ce, sai an ɗauko an sake. Saboda Direba muka kafa wannan dokar, don shi jifa yake kamar mai korar akuya.

Mayar da murafun nan ne ke ƙona mini rai. A zaman da ya wuce jarumin Tela ya ratsa gidan da ke cin wuta, ya fito yana waƙa, ya yi barci, ya tashi garau. Tela ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ina da taurin kai a kan abu ya yi kama da gaskiya.

Da zan dawo na yanke ta lungun tsohon siton da ya ƙone, ina waya da Auta.

"Ni dai da zan sami wanda ya san yadda hayaƙi ke cin mutum da gaske," na ce, "wallahi kujerata zan ba shi."

"Yaya, wasa ne fa," in ji shi yana dariya. "Ka dai zo da ƙwan."

Na kashe wayar. Sai na ji wari, irin na tokar da aka kwara wa ruwa. Sito kuwa ya yi shekaru da ƙonewa, har ciyawa ta fito a cikinsa. Na waiwaya, ba kowa. Na ƙara sauri.

Na tarar da su zaune a duhu suna tsokanar juna. Na hau kujera na ɗaura ƙwan. Haske na kawowa na ga mutum huɗu a tebur.

Baƙon dogo ne, sanye da riga mai kauri duk zafin nan. Ba shi da gira. Ya ɗora hannuwansa a kan tebur, faratansa baƙi ƙirin.

"Baƙonka ne?" Direba ya raɗa mini. "Tare kuka shigo."

"Ka ce za ka ba da kujera," in ji baƙon. Muryarsa a shaƙe take, da ƙyar take fita.

Ban kai ga cewa wasa nake ba. Ya tashi ya zagayo, ya zauna a wurina. Ni na koma jikin bango na tsaya.

"Kuna ɗakin ƙasa," ya ce. "Sama ta kama da wuta. Wutar ba ta iso ku ba, kuma ba sai ta iso ba."

Ya miƙa hannu ya ɗauki murfi ɗaya ɗaya daga gaban kowa, ya zura a aljihu.

"Haba malam, ai ba mu jefa ba tukuna," in ji Tela.

"Hayaƙi ba ya jiran jifa. Ido yake fara ci."

Tela ya murza idonsa. Hawaye ya zubo masa. Direba ya yi tari, Auta ya amsa. Na duba ɗakin, iska tas take, har ƙurar da ke yawo a hasken ƙwan ina gani. Ni ba na cikin wasan, warin kawai nake ji.

"Me za ku yi?" in ji baƙon.

"Rarrafe," in ji Tela da ƙyar. "Jarumina ya kwanta ƙasa."

"Nawa ma," in ji Direba.

Baƙon ya gyaɗa kai. "Ƙasa ta fi sauƙi." Ya ɗauki ɗaya ɗaya.

Auta kuwa tun muna yara ba ya sunkuyawa. Jaruminsa ma haka ya gina shi.

"Nawa zai ruga ya ɓalle musu ƙofa."

"A tsaye?"

"Auta, a'a!" na ce.

"A tsaye," in ji Auta.

Ya jefa. Biyu ta fito. Baƙon ya share rabin tarinsa da gefen hannu. Na ji ƙarar murafun suna zuba a aljihu.

Auta ya dafe ƙirji. Numfashinsa ya koma fito, siriri, kamar iska na bi ta ƙofar da ba ta rufu ba.

Baƙon ya ce, "Bayan ido, hankali. Ba ka san inda ƙofar take ba."

"Yaya," in ji Auta yana lalube, "wa ya kashe fitilar?"

Fitila tana ci.

Na kama kafaɗarsa na ja. Ko motsi bai yi ba, sai ka ce an kafe shi da ƙusa.

"Ba a tashi a tsakiyar zagaye," in ji baƙon, bai ko dube ni ba. "Bayan hankali, ƙafa."

Ya sake ɗiba. Leɓen Auta ya yi shuɗi.

"Ya isa," na ce. "Bari ya huta, a mayar masa. Haka muke yi."

"Kai ka nemi gaskiya. Abin da hayaƙi ya ci ba ya dawowa."

Murfi ɗaya ya rage a gaban ƙanena. Ya damƙe shi a tafin hannu.

"Jefa. In ba ta kai huɗu ba, nawa ne."

Auta ya miƙa ɗaya hannun. Ya saki ƙwayar.

Ta juya. Ta yi tangaɗi.

Na hango ɗigo ɗaya yana hawowa sama.

Na hamɓare ƙafar teburin da duk ƙarfina.

Ƙwayar ta yi tsalle, ta bugi daɓe, ta gangara. Na ji ta faɗa tsagar da ke ƙarƙashin kabad ɗin ƙarfe.



Baƙon ya juyo a hankali. Cikin idonsa ja ne, babu fari ko kaɗan.

"Ta faɗi ƙasa," na ce. Muryata ba tawa ba. "Doka ce."



"Doka ce," ya ce. "A ɗauko a sake. Ina jira."

Ƙwan ya fashe. Na cafki wuyan rigar Auta, wannan karon ya biyo ni. Da jan ciki muka fito titi, Tela da Direba suna bayanmu suna amai.

Su biyun sun warware cikin mako. Auta bai warware ba. Likita ya duba hoton ƙirjinsa ya tambaye ni a wace gobara aka ciro shi. Yanzu ba ya hawa bene sai ya zauna a tsakiya. 'Yarsa takan ɗaga hannu don ya ɗauke ta, sai ya ce ta zo wurina, Baffanta, ya juya kai don kada in ga fuskarsa. Murfin nan ɗaya yana rataye a wuyansa da zare, ko wanka ba ya cire shi.

Washegarin abin na kwaɓa siminti na cike tsagar, idona a rufe. Ban leƙa ba, ba na son sanin fuskar ƙwayar da ke sama. Na sa wa ɗakin kwaɗo. Ban sake jan labari ba, lido ma ba a yin ta a gidana.

An sayar da ginin a watan jiya. Sabon mai shi mutum ne mai fara'a, ya saurare ni har ƙarshe, ya dafa ni ya ce in rage shan shayi. Yau da yamma na ga leburorinsa sun sauke guduma da diga a ƙofar ɗakin, sun ce da safe za su fasa daɓen.

Ina tsaye ina kallon kayan aikin wayata ta yi ƙara. Auta ne. Ya daɗe yana tari kafin ya iya magana.

"Yaya," ya ce a hankali, "kai ma kana jin warin toka?"