Layi Takwas Maimakon Uku

Magariba ta kawo jiki. Salmatu na kwashe tuwo, 'yarta Mufida na zaune a tabarma da kwamfuta a cinya. Ita ce ta gina wa ƙungiyar 'yan dakon bakin iyakar Jibiya shafin rajista, kowane ɗan dako da layinsa a rumbun bayanai. Kwana uku da suka wuce, shugaban ƙungiyar ya ce ta cire mutum uku da suka koma Maraɗi. Ta yi ƙyuyar bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai ta ba da umarni a goge duk layin da ba shi da lambar waya. Kwamfutar ta nuna adadin layukan da umarnin ya shafa: takwas. Mufida ta gani, ta rufe.

A wannan magaribar ne aka fara jifa cikin gidan. Dutsen farko ya fasa randa. Na biyu ya tsaga goshin Salmatu. Ba kowa a kan katanga. Sai Mufida ta miƙe, ta kama yatsun hannunta na dama tana karya su, tana ƙirgawa da muryar namiji. Da ta karya na biyar ta tsaya.

Maƙwabta suka kirawo Malam Zunnuraini. Ya yi ta karatu, tana buga kai da bango, har jini ya jiƙe mata ɗankwali.

"Wane ne kai?" Malam ya tambayi muryar.

"Aljani ne ni, ɗan dako. Shekara arba'in muna ɗaukar buhu tare da mutanenku, mu biyar. Mu ba mu riƙe waya. Wanda ba ya cikin rajista ba a ba shi kaya."

"Ai kuskure ta yi."

"Ta ga takwas, Malam. Ta san uku aka ce mata."

Suka daidaita: za ta mayar da sunayen, shi kuma ya fita. Ya sake ta kaɗan. Tana kuka, ta rubuta da hannun hagu abin da muryar ke faɗa. Kwamfutar ta nuna huɗu.

"Saura ɗaya," in ji Malam.

"Ƙanena ne. Da aka hana shi kaya ya bi wata mota a guje, ta taka shi a Magama. Ba sunan da za a mayar."

Mufida ta faɗi, aljanin ya fita.

Mai ɗori ya ɗaure yatsun washegari. Huɗu suka warke. Babban yatsan ya bushe ya yi baƙi, har yau Salmatu ce ke ɗaura mata zane.