Wanda Ya Amsa a Saman Soro

A saman soron wani gida a unguwar Ƙurban, can ƙasar Larabawa, Surajo ya fara ganinta, bayan sallar isha. Wani attajirin Balarabe ke aurar da ɗansa, maƙwabta suka hau kallon wasan wuta. Saudatu tana can gefe, ta ja mayafi har hanci. Idonsu ya haɗu, ta sunkuyar da kai.

Shi ɗalibin Jami'a ne daga Kano. Ita kuwa shekara biyu ke nan da suka gudo daga yaƙin Anjamena.

Wutar farko ta fashe, sama ta yi ja. Saudatu ta zube ƙasa, ta rufe kai, ta fara kiran mutanen gidansu kamar yadda suke yi a ƙarƙashin gado lokacin harbi.

"Inna!"

"Na'am."

"Ikilima!"

"Na'am, ga ni," in ji ƙanwarta.

"Yaya Abdou!"

Wuta ta mutu, duhu ya rufe. Sai wata murya ta ce a hankali, "Na'am, Sauda."

Kowa ya ji. Kowa kuma ya san Abdou ya fita ɗebo ruwa a Anjamena bai dawo ba.

Kafin Juma'a, magana ta zaga unguwa: matacce na bin yarinyar. Duk da haka Surajo ya aika mata takarda:

"Sanyin idona, daga bayana muryar ta fito, kuma bango ne a bayana. Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma aurenki nake so."

Ta amsa a bayan takardar: "Malam, ka nemi mai lafiya."

Kawunsa Malam Shittu, wanda ke koyarwa a Jami'a, ya ce, "Halas, zancen ya ƙare! Karatu aka turo ka, ko kwaso wa 'yar'uwata fatalwa?"

"Kawu, ka je sau ɗaya. In ka dawo ka ce a'a, na bari."

Malam Shittu ya je, ya zauna bakin ƙofa. Inna Kaltuma, mahaifiyar Saudatu, ta ba shi labari ta bayan labule.

"Hajiya, an yi masa salla?"

"Malam, ba mu ga gawa ba. Wa za mu sallata? Har yau kwano huɗu Saudatu take zuba abinci, har da nasa."

Malam Shittu ya miƙe, ya yi mata sallama.

Washegari bayan la'asar ya tara maza a tsakar gidan, suka yi wa Abdou sallar ga'ib, kabbara huɗu, babu makara a gabansu. Saudatu ta yi kukan da ta riƙe shekara biyu.

Da Surajo ya zo fita, ta ce daga zaure, "Malam... har yanzu?"

"Har gobe, Saudata."

Bayan wata guda aka ɗaura, Malam Shittu ne wakilin ango. Inna Kaltuma ta haɗa hannayensu.

"Allah Ya jiƙan wanda ya tafi, Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku masu albarka."

Duk gidan suka ce amin.