Kugen Hasumiyar Magaji

A gindin tsohuwar hasumiyar kan tudu Salima ta fara ganin Hambali. Nan kaɗai ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, a ƙauyensu na bayan Gidan Sori, dole mai waya ya hau ko gabansa na faɗuwa.

"Ɗaga wayar sama, ƙanwata," ya ce yana murmushi. "Ko in ɗaga maki?"

Ta harare shi, amma ta miƙa. Tun daga ranar kullum tana tudu, wai neman rezo!

Sai dai hasumiyar nan da labarinta. Zamanin hare-hare aka gina ta, aka rataye kugen ƙarfe a sama, aka sa wani mai suna Magaji gadi. Ranar da mahara suka taso, maimakon ya buga kuge, sai ya sauko ya ruga ya ɗauke budurwarsa. Gari ya ƙone ƙurmus. Tun daga nan ba a ba jinin Magaji aure a garin, ga shi Hambali tattaɓa-kunnensa ne.

"Ɗiyata? Gidan Magaji?" in ji mahaifinta, Malam Abdulhadi, ranar da Hambali ya aiko neman aurenta. "Ga Zaharaddini ɗan garin Agiye yana jira. Jinin Magaji ba su san kowa ba sai kansu."

Salima ta ci kuka har ta gode Allah.

Wata la'asar da damina tana daka, sai ta ji ƙarar da ko kakarta ba ta taɓa ji ba. Kwang! Kwang! Taɓarya ta kuɓuce mata.

"'Yan bindiga!" wani ya yi kururuwa.

Mata suka kwashi yara suka faɗa gonakin gero, makiyaya suka kora dabbobi. Salima na kwance tsakanin kunyoyin gero, tana jin rurin babura, kuge kuwa bai fasa ba. Sai harbi. Kuge ya yi shiru.

Innalillahi! Hambali ne ya faɗo mata a rai.

Da jandarmomi suka iso maharan suka tsere hannu rabbana, ko takalmi ba ta nema ba ta haye tudu. Tana isa gindin hasumiya wayarta ta yi motsi, sai yanzu saƙon Hambali ya shigo:

"Salimata, hasken idona, ga su can tafe. Gidanku nike hange, ƙafata na ja na. Ba ni saukowa. Ki yahe mani."

Ta durƙushe ta kurma ihu.

"Haba sarauniya," wata murya ta ce daga sama a raunane, "kuge bai kurmantar da ni ba, sai ke?"

Harsashi ya samu Hambali a kafaɗa, riga sharkaf da jini. Malam Abdulhadi da kansa ya goyo shi zuwa ƙasa, yana haki.

"In an ɗaure gero," tsohon ya ce bai dubi kowa ba, "ku turo manyanku."

Ranar ɗaurin aure samari suka buga kuge don murna. Gaban amarya ya yanke ya faɗi, sai da ta ƙanƙame hannun angonta ta tabbatar yana ƙasa. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.